Kafin a Haƙa Tushe: Takardar Kafa Aiki da Amfaninta

Wannan shi ne jawabin da na gabatar a filinmu na yammacin Laraba, na ɗan gyara shi domin masu karatu, musamman 'yan uwanmu na tsallaken iyaka, na Fo da kewaye, da suka ce iska ta yi ta ɗauke musu muryar tashar a ranar.

A zangonmu akwai wani gini. Aji uku ne na makarantar Islamiyya, ya tsaya daidai linta, babu kwano, babu ƙofa. Ina ƙarami aka fara shi, har ruwa na ɗebo wa magina. Yau awaki ne ke kwana a ciki, ciyawa ta fi ni tsawo da damina. In ka tambayi mai wucewa me ya faru, nan take zai ce maka an ci kuɗin. To ni na bi diddigin maganar, na zauna da dattawan da aka yi abin a gabansu, kuma ina gaya maka, mai karatu, babu wanda ya ci ko sisi.

Ga yadda aka yi. Bayan sallar Idi aka yi shela, jama'a suka ba da abin da ya sawwaƙa, 'yan uwa na Kumasi da Accra suka aiko da nasu. Mutum uku kowa na ganin aikin a hannunsa yake: wanda ya ba da fili, wanda ya fi kowa ba da kuɗi, da malamin makarantar. Malam aji uku yake so, yara su bar zaman gindin bishiya. Mai kuɗi yana so a yi tushe mai ƙarfi don a ɗora bene nan gaba. Mai fili kuwa shaguna biyu yake hange a gaban ginin, a riƙa karɓar haya ana biyan malamai. Duk cikinsu babu mai mugun nufi. Amma magini guda yana karɓar umarni daga baki uku. Aka zuba rodi da siminti na bene a ƙasa, kuɗin kwano ya tafi a nan. Aka yi cacar baki, mai kuɗi ya yi fushi ya janye hannunsa. Shi ke nan.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. Wani mai bincike, Martin Williams, ya tattara bayanan ƙananan ayyuka fiye da 14,000 na majalisun gundumomin Gana daga 2011 zuwa 2013, irin su ajujuwa da ɗakunan shan magani da masai, ayyukan da bai kamata su wuce 'yan watanni ba. Ya gano cewa kimanin ɗaya cikin uku ba a taɓa kammala su, kuma suna laƙume kusan kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da gundumomi ke zubawa a ayyukan raya ƙasa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken, wanda aka buga a 2017, shi ne dalilin da ya bayar. Bai ɗora babban laifin a kan sata ba. Ya nuna cewa masu yanke shawara ne ba sa iya tsayawa a kan magana guda: a fara gini a wannan ƙauye, kafin a rufa shi sai hankali ya koma wancan ƙauyen da ke ƙorafin an manta da shi, a kwashe ragowar kuɗin a je a haƙa sabon tushe. Da na karanta sai na ce, ashe labarin zangonmu ne aka faɗaɗa.

Masana harkar tafiyar da ayyuka suna da magani guda da suke farawa da shi. Da Turanci suna ce masa cata, ni kuwa a filin nan zan riƙa ce masa takardar kafa aiki. Gajeruwar takarda ce, shafi ɗaya ko biyu, wadda mai aikin ke sa wa hannu kafin a taɓa komai. A cikinta ake faɗin me ya sa za a yi aikin, me za a yi, me kuma ba za a yi ba, wa zai biya, wa aka naɗa ya jagoranta da iyakar ikonsa, kusan nawa zai ci, kusan yaushe za a gama, da alamar da in an gan ta za a ce an gama. Cibiyar PMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1969, ita ta fi yayata wannan tsari, kuma a koyarwarta aiki bai zama aiki ba sai da wannan takarda. Kafin ita, buri ne kawai ake tattaunawa.

Ka lura da abu biyu da mutane ke rikitawa. Takardar nan daban take da kwangila. Kwangila tsakaninka da ɗan kwangila ce, tana zuwa daga baya. Daban take kuma da zanen gini da lissafin buhunan siminti. Su waɗannan duk 'ya'yanta ne. Sannan ba jagoran aikin ne ke ba kansa ita ba. Yana iya rubuta ta da hannunsa, amma wanda ke da kuɗi da iko shi ne zai sa hannu, domin a nan ne yake cewa a gaban kowa: na naɗa wane, abin da ya ce a kan aikin nan ni na ce.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, takardar ce kawai sabuwa. Ka tuna fataken goro da suka riƙa tasowa daga Kano zuwa Salaga, tafiyar watanni, da jakuna da kaya da ɗaruruwan mutane. Ayari ba ya barin gari sai an san wane ne madugu. Shi ke zaɓen hanya, shi ke cinikin kuɗin fito da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, shi ke raba gardama. Akwai jagaba mai shiga gaba, akwai malamin ayari mai rubutu da lissafi. Ka taɓa jin ayarin da ya kai bakin kogi sannan aka tsaya ana musun wa zai yi magana da mai jirgi? Tun a gida ake gama wannan. Abin da kakanninmu suka sani a kan jakuna shi ne muke mantawa a kan bulo.

Yanzu bari mu bi aikin daga haihuwarsa zuwa ƙarshensa, mu ga inda takardar ke shiga. Masana sun kasa rayuwar aiki kashi biyar: farawa, tsarawa, aiwatarwa, sa ido, da rufewa. Da yawa suna zaton aikin takardar ya ƙare a kashi na farko, a sa hannu, a ɗauki hoto, a jefa ta cikin durowa. A'a. Lokacin tsarawa, ita ce ma'auni: in takarda ta ce aji uku ƙasa da ƙasa, mai zane ba shi da hurumin zana matakalar bene. Lokacin aiwatarwa kuwa ita ce garkuwar jagora. Ran da babban mutum ya zo wurin aiki ya ce a ƙara shaguna biyu, jagora ba sai ya yi masa rashin kunya ba. Sai ya ce, Alhaji, shawara ce mai kyau, amma ba ta cikin abin da muka sa wa hannu, a kira zama a gyara takardar, a kuma faɗi inda ƙarin kuɗin zai fito. Ka ga ba a hana canji ba, an dai hana canjin da ake yi a tsaye a bakin rami. Wurin sa ido, da ita ake auna ko har yanzu aikin da aka fara ake yi. Wurin rufewa kuma ita ke cewa an gama, a miƙa mabuɗi ga wane, kuma in kwano ya yi yoyo bayan shekara biyu ga wanda zai gyara.

Wannan na ƙarshen shi muka fi sakaci da shi. Rijiyoyin burtsatse nawa ka sani da suka mutu saboda ɗan ƙarfe guda? Tun da aka kafa hukumar ruwa da tsafta ta karkara a 1998, tsarin ƙasa shi ne kowane gari ya kafa kwamitin da zai kula da famfonsa, ya tara kuɗin gyara. Inda aka fayyace haka tun ranar farko, famfo na rayuwa. Inda wani mai neman ƙuri'a ya haƙa ya wuce, kowa na jiran mai rijiya ya dawo.

Amma ban zo don in yi ta jera gazawa ba, domin misali mafi kyau da na sani yana nan garinmu. Cibiyar binciken lafiya ta Navrongo ta samo asali ne a 1988, a matsayin sansanin wani gwaji guda mai tambaya guda: in aka riƙa ba yara bitamin A, mutuwarsu za ta ragu? Amsar ta fito, mutuwar yara ta ragu da kashi 19 cikin ɗari. A 1992 ma'aikatar lafiya ta mai da sansanin cikakkiyar cibiya. Daga nan aka gwada gidan sauro mai magani a ƙasar Kasena da Nankana ƙarƙashin jagorancin Dakta Fred Binka, aka samu raguwar mutuwar yara da kashi 17 cikin ɗari. Gidan sauron da ake raba wa masu ciki a asibiti yau, garin nan na cikin wuraren da aka fara tabbatar da amfaninsa.

Na uku shi ne wanda ya fi dacewa da zancenmu. A 1994 aka fara wani aiki da duniya ta sani da gwajin Navrongo. Masu bincike suna kiran takardarsu tsarin bincike, amma tambayoyin da take amsawa su ne dai na takardar kafa aiki. Me ake nema? A gano ko kai lafiya ƙofar gida ya fi jiran mutane su zo asibiti. Ina iyakar aikin? An raba gundumar kashi huɗu: wani yanki aka kai nas ta zauna cikin jama'a tana zagayawa gida gida a kan babur, wani yanki aka yi amfani da 'yan sa kai da kwamitocin gari, abin da aka kira zurugelu, wato haɗa kai, yanki na uku aka haɗa duka biyun, na huɗu aka bar shi yadda yake don a sami abin kwatanci. Kafin a bazu, sai da aka fara da ƙauyuka uku, aka zauna da sarakuna da dattawa, aka yi taron gari, aka amince cewa jama'a ne za su gina wa nas masauki da hannunsu, da ƙasa da itacen da suke da shi. Kowa ya san nasa. Sai a 1996 aka faɗaɗa.

Ka yi tunanin matsin da zai taso a irin wannan aiki. Ƙauyen da ba a kai wa nas ba zai aiko da wakilai, mai faɗa a ji zai so a fara da garinsu. Da ba a rubuta rabon tun farko an tsaya a kansa ba, da bayan shekara biyu an cakuɗa yankunan, kuma da babu wanda zai iya cewa ga abin da ya yi aiki. Da yake an tsaya, sakamako ya fito sarai: inda nas ta zauna cikin jama'a, mutuwar yara ta ragu ƙwarai cikin 'yan shekaru. Gundumar Nkwanta ta gwada abin a ƙasarta ya yi, daga nan gwamnati ta mai da shi manufar ƙasa baki ɗaya da sunan CHPS, wanda muke ce wa cips. Abin alfahari ne, wallahi, kuma yaranmu da yawa ba su san daga nan ya tashi ba.

Sai dai akwai ragowar labari, kuma a nan darasin ya fi zafi. Da cips ya bazu a ƙasa, a wurare da dama sai hankali ya koma kan ginin. A gina ɗaki mai kyau, a shafa fenti, a yanka kyalle, nas ta zauna a ciki tana jiran marasa lafiya, wato an sake ƙirƙiro ƙaramin asibitin da tun farko aka ce bai wadatar ba. Babur ya lalace babu gyara, zagayen gida gida ya ja baya, zaman farko da sarakuna aka riƙa tsallake shi. Har sai da ma'aikatar lafiya ta fito da sabuwar manufar cips a 2016 don a dawo da abin kan turbarsa. A ganina wannan shi ne babban amfanin layin farko na takardar kafa aiki, layin da ke cewa me ya sa. Gini ana ganinsa, ana ɗaukarsa hoto. Dalili kuwa in ba a rubuta shi ana maimaita karanta shi ba, sai ya sulale a bar mutane da bango.

Wani mai sauraro daga Bawku ya bugo waya ranar, ya ce, ɗan'uwa, duk wannan zancen takarda ne, hanyar Bolga zuwa Bawku ba takardu ta rasa ba. Ya yi gaskiya, kuma ba zan kauce wa maganarsa ba. An ƙaddamar da aikin hanyar a 2016, ya yi ta tsayawa yana tashi saboda rashin biyan kuɗi, masu motoci da fasinja suna shan ƙura. Ga kuma madatsar Pwalugu a kan Farin Volta, wadda aka yi bikin fara ta a watan Nuwamba 2019, a kan kuɗi dala miliyan 993, da alkawarin wutar lantarki da noman rani da tare ambaliyar da ke biyo bayan buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso. A 2024 zancen da ake yi shi ne an biya kusan dala miliyan 12 amma babu madatsa a ƙasa. Manoman bakin kogi, na wannan gefen iyaka, sun ci gaba da kwashe masara ɗanya duk lokacin da aka yi shelar za a saki ruwa. Kai, ko tsarin mulkin ƙasa na 1992, a sashe na 35, ya ce gwamnati ta ci gaba da ayyukan da ta gada gwargwadon iko. Rubutu ya fi wannan girma?

Amsata ita ce, takarda ba ta haifar da kuɗi. Abin da take yi shi ne ta tilasta a yi tambayar kuɗi kafin a kira makaɗa. Takardar kafa aiki ta gaskiya tana da layin da ke cewa kuɗin daga ina, kuma yana hannu ko alkawari ne. In amsar ita ce ana sa rai, to ba a kai ga farawa ba, sai a jira. Shi ma binciken da na ambata ya nuna cewa ayyukan da aka biya daga asusun da ke da ƙa'idoji masu tsauri da masu bin sawu sun fi kammaluwa. Wato takardar na aiki ne in akwai wanda zai ɗauko ta ya tambaya. Wannan kuwa aikinmu ne, mu 'yan jarida da ku masu sauraro. In aka zo ƙaddamar da aiki a garinku, bayan an gama rawa, wani ya miƙe cikin ladabi ya ce, ranka ya daɗe, wa ke jagorantar aikin, nawa ne, daga wane asusu, yaushe za a gama, wa za a miƙa wa?

Mutanen Yendi sun san ƙarfin rubutacciyar magana mai masu tsaya mata. Bayan rasuwar Ya Na Yakubu Andani na biyu a 2002, an shekara goma sha shida ana neman mafita. Abin da ya warware ƙullin shi ne jadawalin da kwamitin manyan sarakuna uku, Asantehene da Nayiri da Yagbonwura, ya gabatar a ƙarshen 2018: ga bikin makokin da za a fara yi, ga ranakunsa, ga na biyu, sannan a zaɓi sabon sarki. Aka bi shi daki daki, a watan Janairu 2019 aka naɗa Ya Na Abukari na biyu. Ba gini ba ne, amma kayan haɗin iri ɗaya ne: abin da za a yi a jere, ranaku, da mutanen da ba a iya tsallake maganarsu.

Na san abin da ke hana mu rubutawa a zango. Kunya ce. In ka ce wa dattijo a rubuta, sai ya ji kamar ka ce ba ka yarda da shi ba. Ni kuwa ina ganin rubutun dattijon yake karewa, domin in babu shi, ran da aiki ya tsaya sunansa za a fara ɓatawa, kamar yadda aka ɓata na mutanen kirki uku a unguwarmu. Malamai sun sha gaya mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. In bashi tsakanin mutum biyu ya cancanci alƙalami, ina ga kuɗin jama'a ɗari? Rashin karatu ma ba hujja ba ne. A rubuta da boko ko da ajami, a karanta da ƙarfi a gaban taro da Hausa da Kasem da Nankani, ko Kusal, ko harshen Mosi, wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. A manna kwafi a bangon masallaci ko coci, a ɗauki hotonsa a tura wa 'yan uwa na Kumasi da Wagadugu ta WhatsApp, su san abin da suke aiko wa kuɗi. Hausawa dai sun ce tun ran gini ran zane.

Watan jiya matasan zangonmu suka kira zama a kan ginin nan, suka ce tun da ni ne mai yawan surutu a rediyo, ni zan riƙe biro. Tambayar farko kaɗai, me za mu gina, ta ci mana daga bayan la'asar har aka kira isha'i. Aka tsaya a kan aji uku, babu bene, babu shago, kuma aka rubuta kalmar babu ɗin da manyan baƙi. Aka naɗa jagora guda, wata malama mai ritaya, aka ce duk kashe kuɗin da ya wuce sidi dubu biyu sai mutum uku sun sa hannu. Aka ce ba za a sayi ko ƙusa ba sai kuɗin kwano da katako sun cika a asusu. Layi ɗaya ne har yanzu yake fari: filin na wa ne bayan an gama? Mai filin ya rasu, da baki ya bayar, 'ya'yansa biyu suna Kumasi, ɗaya ya ce ya amince, ɗayan bai ɗauki waya ba tukuna. Mun yarda babu mai sa hannu sai wannan layin ya cika. Laraba mai zuwa, in Allah ya kai mu, baƙonmu ma'aikacin ofishin filaye ne, zai yi mana bayanin yadda ake mai da kyautar baki rubutacciya, ku tanadi tambayoyinku.